Ƙashin da Ya Hana Idi Mahauci Zama

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Alhaji Idi mahauci na Malumfashi, kuma har yau in na ciji ƙashi a cikin miya sai na yi masa addu'a. Wasu mamatan ƙamshin turare ke tuno da su, wasu jin karatu. Ni haƙorina ke tuno mini da nawa.

Kada mai karatu ya ce wannan tsohuwa ba ta da ta-ido, tana tsokanar wanda ke kwance a kabari. Idi taubashina ne. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, don haka tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Na yi aikin koyarwa a firamare har na yi ritaya, shi kuwa ba ya kirana da sunana, sai dai Malama Jan Biro. Ni kuma ina ce masa Sarkin Ƙashi, tun kafin sunan ya zama gaskiya ta hanyar da ba wanda ya zata.

Duk wanda ya taɓa sayen nama a rumfarsa ya san dalilin sunan. Idi na da wata irin baiwa ta naɗe ƙashi a cikin tsoka, yadda sai ka isa gida ka warware takarda sannan ka ga abin da ka sayo. In ka ce ya yi maka gyara, sai ya ƙara maka wani ƙashin, ya ce ai a nan daɗin yake. Ana faɗa da shi ana dariya, gobe kuma a dawo, don namansa mai kyau ne kuma bai taɓa sayar da mara lafiyar dabba ba. Yana da gonar masara da auduga a hanyar Kafur, yana kiwon bajimai a bayan gida. Yana son kitse, yana son gishiri. Da aka gaya masa yana da hawan jini, sai ya ce shi da ya girma a mahauta bai taɓa ganin jini ya hau ba, kullum gangarowa yake. Maganin kuwa sai ranar da kansa ya yi ciwo yake sha.

Da ya ga yadda ake yi yanzu, kusan kowane kantin magani a garin nan da abin awon jini a kan teburi, mutane na miƙa hannu kamar masu karɓar sadaka, na san abin da zai ce: an mai da damtsen mutane tayar keke, ana ta yi musu famfo. Amma ina kyautata zaton shi ma zai miƙa nasa, in ya waiga ya ga ba na kallo.

Da kaka abin ya same shi, yana tsaye a gona ana casar masara. Ya buɗe baki zai yi wa wani faɗa, sai ya sulale. Daga asibitin gari aka wuce da shi babban asibiti a Zariya, inda aka ce jijiya ce ta fashe a kansa. Ya yi makonni bai san inda yake ba, na'ura ce ke yi masa numfashi. Mun cire rai, har an fara maganar wa zai riƙe rumfa.

Ranar da ya farfaɗo sosai ina bakin gadon. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa, amma Allah ya bar masa bakinsa. Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin, sannan ya juyo da ido ya gan ni. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Ashe dai ba aljanna ba ce."

Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Da za a sallame shi, masu gashi, wato ma'aikatan da ke koya wa gaɓoɓi motsi, sun yi bayani dalla-dalla. A riƙa juya shi a kai a kai kada ya daɗe a gefe ɗaya. A riƙa lanƙwasa masa kowace gaɓa a hankali kullum, ba tare da tilastawa ba. A riƙa dawo da shi suna gani. Kowa ya gyaɗa kai. Da aka iso Malumfashi kuwa gidan ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare saboda ƙauna yake yi.

Matarsa, Hajiya Talatu, ta ce mutumin da tun aurensu bai taɓa bari rana ta fito masa a kan gado ba, yanzu Allah ya ba shi hutu, ba wanda zai hana shi. Ta kewaye shi da matasai kamar ƙwai a cikin kwando. In aka ɗaga ƙafar ya ɗan yamutsa fuska, sai ta ce a ajiye, a bari sai gobe. Goben kuma ta zama jibi. Komawa Zariya ta yi wuya, ga nisa, ga aikin gona bai ƙare ba. Kafin a ankara gyambon kwanciya ya fito masa a baya, robar fitsarin da aka sa masa ta jawo zazzaɓi, ƙafar kuma ta sandare kamar taɓarya, wani lokaci ta yi ta fizga ita kaɗai.

Ƙanensa Sama'ila kuwa ya ce ƙafar barci take, tashinta za a yi. Ya je wajen Kafur ya ɗauko wani mai tausa, ƙaton mutum wanda a da lodin buhuna yake yi a kasuwar hatsi. Hannunsa kamar faranti. In Hajiya ta tafi unguwa sai a shigo da shi, ya shafa man shanu, ya kama ƙafar Idi ya murɗa, ya ja, ya tura ta har ƙirji. Maƙwabta sun san ranar tausa ba sai an gaya musu ba. Wata rana na iske ana yi, Idi na gumi, yana cewa, "Sama'ila, ka ji tsoron Allah. Ko sa ne ai sai an yanka shi kafin a cire cinya."

Haka aka yi ta yi. Kwana da kwanaki yana kwance ba motsi, rana ɗaya a zo a yi kokawa da shi.

Bayan 'yan watanni sai ƙugunsa na hagu ya kumbura, ya yi zafi, ko zane ya taɓa wurin sai ya yi ƙara. Nan masu dubiya suka samu aiki. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce daji ne, wata ta ce a binciki abokan sana'a. Kowa da ƙullin maganinsa, har ɗakin ya koma kamar rumfar 'yar mai ganye. Kumburin ya saɓe da kansa, aka yi ta murna, kowane mai magani na cewa nasa ne ya yi aiki. Sai dai ƙugun ya daina lanƙwasuwa. Tun ana iya zaunar da shi a jingine, har ya zama daga kafaɗa zuwa gwiwa ya miƙe sambal kamar azara. Abin mamakin, ƙarfi ya fara dawo wa ƙafar, yana iya tsayawa da sanda in an ɗaga shi. Zama ne kawai ya gagara.

A bayan a-kori-kura muka mai da shi Zariya, a kwance kan katifa, don ba kujerar motar da za ta karɓe shi. A Funtua da muka tsaya shan mai, wani bawan Allah ya leƙo, ya cire hula ya fara yi mana ta'aziyya. Idi ya buɗe ido ya ce, "Amin, na gode." Ban san mutum mai irin wannan tumbi na iya gudu haka ba.

Likitan da ya duba hoton ƙashin mutum ne mai sanyin murya. Ya ɗaga hoton ya nuna mana wani farin abu kamar gajimare da ya kewaye gaɓar ƙugun, ya ce sabon ƙashi ne ya tsiro a cikin naman, ya haɗe cinya da ƙugu ya kulle su.

Idi ya ce, "Likita, da girmanka. Ni tun ina yaro nake feɗe dabba. Ƙashi wurinsa daban, tsoka wurinta daban. Ƙashi ba ya tsirowa a nama."

Likita ya ce, "Alhaji, shanun da ka feɗe, akwai wanda ya taɓa yin wata guda a kan na'urar numfashi?"

Idi ya kai hannunsa na dama ya lalubi wurin, ya daɗe yana dannawa, ya ce, "Ikon Allah."

Likitan ya bayyana mana cewa abu ne da aka sani, ko da yake ba kowane mai shanyewar ɓarin jiki yake samu ba, an fi ganinsa ga waɗanda suka bugu a kai ko a laka. Ya ce har yanzu masana ba su gama gane abin da ke sa jiki ya ruɗe ya fara gina ƙashi inda ba a sa shi ba, amma sun lura da irin mutanen da abin ya fi kamawa. Daga nan ya shiga tambaya. Ya daɗe a sume? Muka ce ƙwarai. An sa masa na'ura? An sa. Shanyewar ta yi tsanani, ƙafar ta sandare tana fizga? Haka ne. Ya daɗe kwance ba a motsa gaɓar? Hajiya ta dubi ƙasa. Ya yi gyambon kwanciya, ko ciwon fitsari mai zazzaɓi? Duka biyun. An taɓa ja ko murɗa ƙafar da ƙarfi, yadda naman ciki zai iya yagewa? Sama'ila ya ga wani abu mai ban sha'awa a jikin taga. Abu ɗaya kawai muka ce a'a, da ya tambaya ko jini ya taɓa daskarewa a jijiyar ƙafar.

Na ce, "Idi, barka. Tun da kake ba ka taɓa cin jarrabawa da maki irin wannan ba."

Ya ce, "Ke ce ba ki ba ni satar amsa ba, shi ya sa na faɗi ɗaya."

Likitan bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya ce akwai waɗanda aka kula da su yadda ya kamata kuma ƙashin ya fito, akwai waɗanda aka yi sakaci da su bai fito ba. Waɗannan abubuwa ƙara yiwuwarsa suke yi, kuma mafi yawansu ciwon ne ya kawo su da kansa. Ya ƙara da cewa da an kawo shi tun lokacin kumburi da zafin nan, da wataƙila an rage ɓarnar. Duk wannan bayani, Hajiya rabin da ya shafi Sama'ila kawai ta ji, Sama'ila kuma rabin da ya shafi Hajiya.

Ni kuwa akwai maganar da ke cina tun a ofishin likita, na riƙe ta har muka iso gida aka kwantar da shi. Na ce, "Sarkin Ƙashi, shekara da shekaru kana cusa wa bayin Allah ƙashi a nama. To, kai ma an yi maka gyara."

Ya yi dariya har sai da ya riƙe ƙugu yana salati. Kafin magariba maganar ta zaga kasuwa. Mama Ngozi mai sayar da abinci, wadda ta fi kowa rigima da shi a kan ƙashi, ta aiko masa da farfesu tsoka zalla, ta ce a gaya masa ta tsame ƙasusuwan tunda yana da nasa.

Aiki za a yi a cire ƙashin, amma likita ya ce sai an jira ya ƙosa, in aka yi gaggawa yana iya dawowa. Wannan Idi ya gane nan take, ya ce ko masara ba a karya ta ɗanya. Don haka ya yi fiye da shekara yana da hali biyu kacal a duniya, ko kwance ko tsaye.

Mutum irin Idi ba ya zaman gida. Ya sa a riƙa kai shi sabgogi a kwance cikin amalanke, in an isa a tayar da shi a jingina da bango. To, dattijo na tsaye, wa zai zauna? Wurin suna, wurin ɗaurin aure, da ya iso sai ka ga mutane suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu su zauna, suna cewa a'a Alhaji, ai mun gaji da zaman ne. Taron mahauta, wanda a da ake farawa bayan la'asar a kai isha ana musu a kan wanda ya tsallake layin yanka, ya koma ana gama shi kafin shayi ya huce. Har masu rikicin iyakar gona suka fara kawo ƙara wurinsa, don an gano ba mai iya dogon taurin kai a tsaye cikin rana. A shekarar nan Idi ya sasanta mutane fiye da duk sauran rayuwarsa, shi da a da in ana faɗa murya yake ƙarawa.

Muna dariya, shi ma yana yi. Amma akwai abin da ba a faɗa a bainar jama'a. Mutumin da ba ya iya zama, ko kewayawa sai an taimaka masa, kuma Idi mutum ne mai kunya a wannan fanni duk da bakinsa. Salla sai da ishara. Wata rana da yamma na biya ta ƙofar gidansa, na ga abokansa zaune a tabarma sun kewaye kwanon tuwo, shi kuma yana gefe a jingine, an ɗora masa nasa kwanon a kan wani tsohon duro. Yana ci shi kaɗai, yana kallon ƙeyoyinsu. Na matso da niyyar tsokana, sai ya riga ni.

Ya ce, "Hadiza, tabarma nake marmari."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na tsaya kusa da shi har ya gama.

Da lokacin aiki ya yi, Hajiya ta ƙi. Likita bai ɓoye mana ba, aikin na zubar da jini, ga hawan jininsa, ga shekaru, kuma ba tabbas ƙashin ba zai sake fitowa ba. Ta ce ita ta gode wa Allah da miji a tsaye, ya fi a ce babu. Ta yi kuka, 'ya'ya suka goyi bayanta. Idi ya saurare su duka, sannan ya ce ya ji, amma shi ya gaji da kallon tsakiyar kan mutane, ya san sanƙon kowa a garin nan, yana so ya koma kallon fuska. Ya sa hannu.

Allah ya sa aka dace. Da ya farfaɗo, abin da ya fara nema shi ne a nuna masa ƙashin. Aka kawo masa gutsattsarin a cikin wani kwanon ƙarfe. Ya sa aka matso da shi, ya jujjuya da yatsa, ya taɓe baki. Ya ce, "Ba kyau, ba siffa. Wannan ko Mama Ngozi ba zan cusa wa ba."

Wannan karon gidan bai rabu ba. Hajiya ta tsaya gaban masu gashi ta koyi kowane motsi, ta zama soja. Safe da yamma sai an lanƙwasa, ko ya yi magiya, ko ya ce barci yake. Maganin hawan jini a tafin hannunta yake karɓa, sai ta ga ya haɗiye. Sama'ila ya ɗauki nauyin kai shi asibiti duk ranar da aka sa. Mai tausa kuwa ya koma lodin buhuna, inda hannunsa ke da amfani.

Ina nan ranar da aka fara zaunar da shi a kujera a gida. An riƙe shi ta ko'ina, ana saukar da shi sannu-sannu, har ya taɓa. Ya rufe ido. Hajiya ta juya baya tana share fuska da gefen mayafi. Aka ce to ya isa haka na yau, a tayar da shi. Ya ce duk wanda ya taɓa shi sai sun haɗu a gaban alƙali. Tabarma dai bai koma mata ba har ya bar duniya, ƙugun bai kai nan ba. Sai abokansa suka sa aka yi dogon benci da ɗan teburi, suka hau suka same shi. Taron mahauta kuma ya koma yadda yake, har ya fi da, don Idi na da maganar shekara guda da bai faɗa ba. Na ji wani daga cikinsu na cewa likitan nan bai kyauta musu ba.

Sauran shekarunsa ya naɗa kansa wani muƙami da ba wanda ya ba shi. Da ya ji wani ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko a cikin gari ko a ƙauye, sai ya hau Keke Napep ya tafi dubiya. Ba ya kai ƙullin magani. Zai zauna ya tambaya yaushe aka juya mara lafiya, wa ke motsa masa gaɓoɓi, ya sa a nuna masa yadda ake yi. In ya ga ana lallaɓa mutum an bar shi kamar kayan ado, ya yi faɗa. In ya ga ana fizga, ya ɗaga sanda. Ya ce in gaɓa ta kumbura ta yi zafi, a nufi asibiti tun kafin masu dubiya su gama ba ta suna. In aka yi masa gardama sai ya fara kwance mazagin wando zai nuna tabon aiki, nan da nan kowa ya yarda.

Ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Matasa na kallon yadda ake motsa gaɓoɓi a waya suna yi wa iyayensu, wannan zai so shi, ko da yake zai ce wayar ba ta iya faɗa ba. Motocin masu magani da lasifika na nan suna zagaya kasuwa, kwalba ɗaya wai tana tayar da shanyayye ta kuma kori basir, su kam na san sai ya bi su da sanda. Abin da zai ɓata masa rai shi ne har yanzu mutumin ƙauyen Matazu ko Kafur sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga mai gashi, kuma da yawa daga tafiya ɗaya ba sa komawa. Naman kanti kuwa, wanda ake sayarwa cikin leda a firji ba ƙashi ko ɗaya, gara da bai gani ba.

Fashewar jijiya ta biyu ce ta tafi da shi, cikin kwana kaɗan, bai sha wuya ba. Rumfar tana hannun 'ya'yansa, gonar an raba. In ana lissafin abin da ya bari, ba a sa wannan a ciki, amma ni na sa: akwai gidaje a garin nan da ake juya mara lafiya a kan lokaci, ake lanƙwasa masa ƙafa da tausayi, kuma in ka tambayi matan gidan inda suka koya, sai su ce haka ake yi. Ba su san wani tsoho ne ya zo ya yi wa surukarsu faɗa ba. Na tabbata wannan ne kaɗai abin da zai ba shi haushi, don Idi ba ya son a ci bashin yabonsa.

Ganina da shi na ƙarshe yana da lafiya, zaune a bencinsa. Na tashi zan tafi, ya kira ni ya ce yana da wasiyya. Na dawo da gaske, na zauna. Ya ce in ya riga ni, don Allah kada in yi masa kuka, muryata ba daɗi, zan kori masu zaman makoki.

Allah ya jiƙan Idi, ya yalwata masa kabarinsa. Wasiyyar dai ban cika ba. Na yi kukan, da wannan muryar tawa, kuma ba wanda ya tashi.